Sharhi: Ƙafar jirgi ba a rana ɗaya take karyewa ba

Da safiyar ranar Lahadi, 14 ga Disamba, 2025, wani ƙaramin jirgin sama ƙirar Hawker 800XP ya taso daga Abuja ya nufi Kano ɗauke da mutum takwas. Da ya kusanto filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sai matuƙansa suka lura cewa fitilun da ke nuna halin da ƙafafun jirgin ke ciki ba su nuna abin da ya kamata ba. Suka nemi izinin wucewa ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, fiye da sau ɗaya, domin jami'an da ke ciki su duba musu da ido. Jami'an suka ce ga alama ƙafafun uku duk sun fito. Jirgin ya sauka, yana cikin gudu a kan titi sai ƙafar gaba ta lanƙwashe, hancinsa ya daki kwalta. Kamar yadda Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, ta sanar, duk mutanen da ke ciki sun fito lafiya.

Kwana biyu bayan haka, wani ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172 da ya taso daga Kaduna zai je Fatakwal ya faɗi yayin da yake ƙoƙarin saukar gaggawa a filin jirgin sama na Sam Mbakwe da ke Owerri, aka kwashi mutum huɗun da ke ciki zuwa asibiti. Kafin waɗannan, a ranar 3 ga Nuwamba, 2023, wani Hawker 800XP ɗauke da Ministan Wutar Lantarki, Adebayo Adelabu, ya yi saukar ungulu a Ibadan. Ba a cika wata uku ba, a ranar 26 ga Janairu, 2024, wani jirgin mai zaman kansa ƙirar Challenger ya zarce titin sauka a wannan fili dai.

Kusan duk lokacin da irin haka ta faru, labarin yakan ƙare da jimla guda: babu wanda ya rasa ransa. Sai a yi hamdala, a janye jirgin daga titi, maganar ta mutu kafin mako ya zagayo. Hamdala kam ta zama dole. Amma rufe maganar da ita kuskure ne, domin karyewar ƙafar jirgi a kan titi galibi ƙarshen wani dogon labari ne da ya faro tun da daɗewa: a rumfar gyara, a cikin littafin da ake rubuta lahanin jirgi, a shawarar da matuƙi ya yanke yana sama, da kuma irin takardar izinin da jirgin ke tashi da ita. Bayyana musabbabin kowane ɗaya daga haɗurran da aka ambata aikin NSIB ne. Abin da ya rage ga jama'a shi ne su fahimci yadda irin wannan haɗari ke ginuwa, su kuma san tambayoyin da ya dace su yi.

Nauyin da ƙafa ke iya ɗauka

Jirgin sama ba ya sauka kamar tsuntsu. Yana isowa titi ne da gudu biyu a lokaci guda: gudun gaba da gudun gangarowa. Hawker 800XP yakan tunkari titi da gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a, nauyinsa a lokacin sauka kuma yana iya wuce tan goma. Cessna 172, wanda nauyinsa ya ɗan ɗara tan ɗaya, yakan tunkaro da kimanin kilomita 120 a sa'a. Birki da tsawon titi ne ke cinye gudun gaba. Gudun gangarowa kuwa ƙafafu ne ke shanye shi, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

A sauka mai kyau, jirgi yakan taɓa ƙasa yana gangarowa da abin da bai kai mita ɗaya a daƙiƙa ba. Ƙa'idar ƙera jiragen fasinja ta tanadi cewa ƙafafu su iya jure gangarowar kimanin mita uku a daƙiƙa idan jirgin na ɗauke da iyakar nauyin da aka yarda ya sauka da shi. Wannan shi ne gudun da dutse ke kaiwa idan aka sake shi daga tsayin da bai cika rabin mita ba. Tazarar da ke tsakanin sauka mai kyau da sauka mai ɓarna ba ta da faɗi, kuma ƙarfin bugun ba ya ƙaruwa daidai da gudun: idan gudun gangarowa ya ninka sau biyu, abin da ƙafa za ta shanye ya ninka sau huɗu.

Ƙafafun ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Manyan ƙafafu biyu da ke wajen tsakiyar jirgi su aka ƙera don karɓar bugun farko. A jirgi irin Cessna 172, ƙarfe ne mai lanƙwasa ya dawo, kamar sifirin na mota. A manyan jirage kuwa bututu ne mai ɗauke da mai da iskar naitirojin, yana aiki kamar shokozoba. Ƙafar gaba aikinta tallafe hanci da juya jirgi a ƙasa, ba a yi ta don ta fara taɓa titi ba. Shi ya sa ita ce ta fi yawan karyewa a ƙananan jirage.

Yadda sauka ke ɓaci

Daf da taɓa ƙasa, matuƙi yakan ɗaga hancin jirgi kaɗan domin ya rage gudun gangarowa. Idan ya ɗaga da wuri, jirgin zai yi ta shawagi a saman titi har gudunsa ya ƙare, sannan ya faɗo tim. Idan ya makara, zai buga ƙasa da cikakken nauyinsa. Idan kuma ya zo da gudu fiye da ƙima ya nemi ya danna jirgin ƙasa da ƙarfi, ƙafar gaba ce za ta fara taɓawa, jirgin ya yi tsalle, hancin ya sake dawowa ƙasa, ya sake tsalle. Kowane tsalle yakan fi na baya muni, kuma matuƙin da ke ƙoƙarin gyarawa yakan kasance a bayan jirgin da taki ɗaya. A tsalle na uku ko na huɗu ne ƙafar gaba kan ba da kai, farfela ta daki kwalta. Dukan farfela kaɗai ya isa ya sa a sauke injin a buɗe cikinsa a duba, aikin da ke cin kuɗi masu yawa.

Yanayin ƙasar nan yana ƙara wa wannan aiki wuya. A lokacin hunturu, hazo da ƙura sukan dushe sararin sama har matuƙi ya kasa ƙiyasta tsayinsa da ido. A farkon damina, iskar da ke gaban hadari tana iya juyawa nan take, jirgin da ke fuskantar iska ya tarar tana bayansa, fukafukansa su rasa abin da ke ɗauke da su a lokacin da ba shi da sauran tsayi. A watannin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, iska takan yi sako-sako, haka ma a wuri mai tudu kamar filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke kusa da Jos, wanda ke sama da mita 1,200 daga doron teku. A irin wannan iska jirgi yakan iso titi da gudun da ya fi wanda ya saba, ya kuma buƙaci titi mai tsawo kafin ya tsaya. Ga kuma filayen da ba su da isassun fitilu da na'urorin sauka, waɗanda a ƙa'ida aikinsu ke ƙarewa da faɗuwar rana.

Akwai wani abu da fasinjoji ba su cika sani ba. Saukar da ba a ji ko motsinta ba, wadda ake yaba wa matuƙi a kanta, ba lallai ita ce mafi aminci ba. Matuƙin da ya yi ta lallaɓa jirgi don ya taɓa ƙasa a hankali yana iya cinye rabin titi kafin tayoyinsa su kama. A kan jiƙaƙƙen titi ma, abin da ake koya wa matuƙa shi ne su ajiye jirgin da ɗan nauyi, a farkon titi, domin taya ta ratsa ruwa ta kama kwalta. Sauka mai kyau ita ce wadda aka yi a wurin da ya dace, da gudun da ya dace.

Fasa sauka da matsin maigida

Kusan dukkan waɗannan kurakurai suna da magani ɗaya, kuma kowane ɗalibin tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, yana koyonsa tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai: idan sauka ba ta daidaita ba, a ƙara wa injin wuta, a koma sama, a zagayo a sake gwadawa. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne, idan jirgi ya gangaro zuwa kimanin mita 300 daga ƙasa cikin gajimare ko hazo, ko mita 150 a sarari mai haske, dole ne a ce ya miƙe da titi, gudunsa ya daidaita, ƙafafunsa sun fito sun kulle, an kuma kammala karanta jerin abubuwan dubawa. In ɗaya daga ciki ya gaza, a fasa.

Sanin ƙa'idar ya fi aiki da ita sauƙi. Wani bincike da gidauniyar Flight Safety Foundation ta wallafa a 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na saukar da ba ta daidaita ba ake fasawa. Sauran duk akan ci gaba da su, kuma da yake mafi yawansu suna ƙarewa lafiya, sai matuƙi ya saba da ganganci ba tare da ya san ya saba ba.

Idan haka lamarin yake a manyan kamfanoni masu tsari da sa ido, to ina ga jirgin mutum ɗaya? Matuƙin babban kamfani ba ya sanin fasinjansa, kuma akwai ofishi da ke tsaya masa idan ya ce yanayi bai yi ba. Matuƙin jirgi mai zaman kansa kuwa, wanda ke biyan albashinsa yana zaune a bayansa, taku kaɗan daga ƙofar ɗakin tuƙi. Ana jiransa a wurin ɗaurin aure, ko taron jam'iyya, ko jana'iza, an kuma riga an makara domin maigida bai fito da wuri ba. A al'adar da ƙarami ke jin nauyin ce wa babba a'a, faɗin cewa ba za a tashi ba sai gobe, ko za a karkata zuwa wani gari, ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa ma maigidan bai ce komai ba. Duban agogon da ya yi ya isa.

Ƙasar nan ta ga inda irin wannan gaggawa ke kaiwa. A ranar 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya faɗi kusa da Yola da jirgi ƙirar Cessna 208 da shi kansa ke tuƙawa. Rahoton masu bincike ya nuna cewa tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana, a yanayin da horonsa da lasisinsa ba su kai ba. Bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Ba ƙafar jirgi ce ta gaza a ranar ba, amma tushen matsalar ɗaya ne: babu wanda ke da ƙarfin cewa a dakata.

Ƙafar da ta fito da ƙafar da ta kulle

Jiragen da ke naɗe ƙafafunsu bayan tashi suna da ƙarin hanyoyin shiga matsala, kuma hanyoyin sun kasu uku.

Ta farko ita ce mantuwa. A ranar 1 ga Mayu, 2019, wani jirgin koyo ƙirar Diamond DA-42 ya sauka rub da ciki a Ilorin, kuma rahoton tsohuwar hukumar binciken haɗurran jiragen sama, AIB, ya nuna cewa waɗanda ke ciki sun tunkari titi har suka sauka ba tare da sun sauke ƙafafun ba. Irin wannan yana faruwa a ko'ina cikin duniya, har ga ƙwararru. Jirgi yana da ƙararrawar da ke kuka idan an rage wa injin wuta ƙafafu na sama, amma mutumin da hankalinsa ya tafi kan wani abu yana iya jin ƙara bai fahimce ta ba. A lokacin horo ma, inda ake rage wa injin guda wuta da gangan, ƙararrawar takan yi ta kuka har kunne ya saba da ita. Abin da ke kare mutum a nan shi ne karanta jerin abubuwan dubawa da baki, kowace sauka, ko da ta dubu ce.

Ta biyu ita ce ƙafa ta ƙi fitowa, saboda man haidirolik ya zube, ko famfo ya mutu, ko lantarki ya yanke, ko wani ƙarfe ya cije. Don haka ne kowane irin wannan jirgi ke da hanya ta biyu ta sauke ƙafa: famfon hannu a wasu, mariƙin da ake juyawa a wasu, tulun iska mai matsi a wasu, wasu kuma a saki makulli kawai nauyin ƙafar ya jawo ta ƙasa. Sai dai hanyar da ba a gwada ta a kai a kai a rumfar gyara, matuƙi kuma bai yi atisayenta ba, ba za ta yi rana ba ranar da aka neme ta.

Ta uku ita ce mafi ruɗarwa: ƙafa ta fito amma ba ta kulle ba. Abin da ke hana ƙafa naɗewa idan nauyi ya hau kanta shi ne wani ƙarfen tokare da ke miƙewa ya cije. Ɗan ƙaramin makunnin lantarki ne ke shaida cewa ya cije, ya kunna koriyar fitila a gaban matuƙi, fitila ɗaya ga kowace ƙafa. Idan fitila ta ƙi kamawa, ko dai kwan ne ya mutu, ko makunnin ne ya lalace, ko kuma da gaske ƙafar ba ta kulle ba. Jami'in da ke hasumiya, ko da tabarau mai hangen nesa yake dubawa, iyakarsa ya ce ya ga ƙafa a waje. Ba zai iya ganin ko ta cije ba. Saboda haka matuƙin kirki yakan ɗauki irin wannan sauka a matsayin ta gaggawa: ya sa 'yan kwana-kwana su shirya, ya gargaɗi fasinjoji su ɗaure su sunkuya, ya riƙe hancin jirgin a sama iya yadda zai iya har gudu ya ragu. Saukar da aka shirya mata haka ba ta cika cin rai ba. Wadda ta zo ba zato, da gudu, a gefen titi mai rami ko magudanar ruwa, ita ce abin tsoro, musamman da yake man jirgi a cikin fukafukai yake.

Raunin da ba a rubuta ba

A nan ne babban giɓin yake. Sauka da ƙarfi ba kullum take karya ƙafa nan take ba. Takan bar tsaga siririya a jikin ƙarfe, ko ta ɗan lanƙwasa ƙarfen tokare, ko ta gurɗa mazaunin makunni, ko ta tattare bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da ɗakin tuƙi, inda ƙafar gaba ke maƙale a jirage irin Cessna. Jirgin zai ci gaba da tashi da sauka makonni ko watanni kamar ba komai. Ranar da ƙafar za ta karye, mai yiwuwa a hannun wani matuƙi ne daban da ya yi sauka mai kyau, shi kuma za a ɗora wa laifin.

Littafin gyara na kowane jirgi ya tanadi binciken musamman da za a yi bayan sauka da ƙarfi. Tambayar ita ce, wa zai faɗa cewa an yi ta? A manyan jiragen haya, na'ura ce ke faɗa. Ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta wajabta wa masu jiragen haya da nauyinsu ya haura tan 27 su riƙa nazarin bayanan da na'urorin jirgi ke naɗa, saboda haka ko matuƙi ya yi shiru, kwamfuta za ta nuna. Hawker 800XP bai kai tan 13 ba. Jirgi irin Cessna 172 kuwa galibi ba ya ɗauke da irin wannan na'ura sam. A ƙananan jirage, shaidar da ake da ita ita ce bakin matuƙi.

Shi kuwa matuƙi ya san abin da maganarsa za ta jawo. Jirgin zai kwanta kwanaki, za a soke tafiye-tafiye, za a kira injiniya, wataƙila a yi odar kayan gyara daga waje da dala. Tun bayan da aka saki darajar naira a tsakiyar 2023, dalar da ake saya a kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a cikin 2024, kuma kusan kowane noti na jirgin sama daga waje yake zuwa. Yawancin ƙananan jiragen da ke aiki a ƙasar nan ba sababbi ba ne. Jiragen Hawker, alal misali, an daina ƙera su tun 2013. Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne ga jirgi, domin jirgin da ake kula da shi bisa ƙa'ida yana iya shekara talatin yana aiki lafiya. Amma tsohon jirgi ya fi buƙatar ido, a ƙasar da ƙurar hunturu ke haɗuwa da giris ta zama kamar yashi a gaɓoɓin ƙafa, raɓar gabar teku kuma ke kawo tsatsa. Idan mai jirgi yana ganin kowane rahoton lahani a matsayin asara, matuƙansa za su koyi yin shiru, littafin jirgin kuma ya kasance fes alhali ƙafarsa na ɗauke da ciwo.

Jirgin gida ko jirgin haya

Dokar Najeriya ta raba jirage gida biyu. Mai son ɗaukar fasinja don kuɗi sai ya mallaki lasisin gudanar da sufurin jiragen sama daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, wanda ke zuwa da sharuɗɗa masu nauyi: tsarin gyara da hukuma ta amince da shi, jarrabawar matuƙa a kai a kai, iyakar sa'o'in aiki da na hutu, da jami'an da za a tuhuma idan aka saɓa. Mai jirgin kansa kuwa takardar izinin tashi ba don kasuwanci ba ake ba shi, sharuɗɗanta sun fi sauƙi, bisa hujjar cewa shi da iyalinsa da baƙinsa ne kawai za su hau.

Matsalar ita ce an daɗe ana haya da jiragen rukuni na biyu a ɓoye. Rahoton farko na NSIB kan haɗarin Ibadan na 2023 ya nuna cewa izinin da masu tafiyar da jirgin ke riƙe da shi na tashi ba don kasuwanci ba ne, wanda ya haramta ɗaukar fasinja ko kaya don a biya. A cikin 2024, NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage uku da ta kama suna haya, daga baya ta dakatar da wasu goma da suka ƙi gabatar da kansu don sake tantancewa. A shekarar ce kuma Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Kyaftin Ado Sanusi don bin diddigin lamarin, kwamitin da ya ƙiyasta cewa gwamnati ta yi asarar kimanin naira biliyan 120 cikin shekara goma.

Maganar asarar kuɗin shiga ce ta fi ɗaukar hankali, amma asarar da ta fi haɗari ita ce ta sa ido. Jirgin da ke aikin haya yana tashi da sauka sau da yawa a mako, ƙafafunsa kuma yawan sauka ne ke cin su, ba yawan sa'o'in da ya yi a sama ba. Idan yana wannan aiki da takardar jirgin gida, to yana shan wahalar jirgin haya ne ba tare da binciken jirgin haya ba. Wanda ya biya kuɗi ya hau shi kuma yana iya tarar da cewa inshorar jirgin ba ta shafe shi ba.

Kada talaka ya ɗauka wannan matsalar masu hannu da shuni ce kawai. Yawancin filayen jiragen saman ƙasar nan titi ɗaya gare su, har da na Abuja, wanda da aka rufe shi na mako shida a 2017 don gyara sai da aka mayar da zirga-zirga Kaduna. Ƙaramin jirgi ɗaya da ya durƙushe a tsakiyar titi ya isa ya tsayar da komai na sa'o'i: marar lafiya da za a fita da shi, ɗalibi, ɗan kasuwa, maniyyaci. Jiragen da ke sama suna jiran sauka kuma sai sun nemi wani fili da man da ya rage musu.

Abin da ya rage a yi

Da farko, NCAA ta sa rahoton sauka da ƙarfi ya zama abin da matuƙi zai bayar ba tare da fargabar rasa aikinsa ba, ta hanyar da zai iya kai wa hukuma kai tsaye. Matuƙin da ya faɗi gaskiya a kare shi, wanda ya ɓoye ko aka tilasta masa ɓoyewa a hukunta shi da wanda ya tilasta masa. Na'urorin da ke auna ƙarfin bugun sauka a ƙananan jirage yanzu sun samu, farashinsu kuma bai kai na gyaran ƙafa ɗaya ba. Babu dalilin da zai hana a buƙace su, aƙalla a makarantun koyon tuƙi da jiragen da ke ɗaukar fasinja.

Na biyu, binciken ba-zata a filayen jirage ya zama aikin kullum, kada ya tsaya ga makon da ya biyo bayan haɗari. Sufeto ya kwatanta yawan saukar da littafin jirgi ya nuna da wadda hasumiya ta rubuta. Inda lissafi ya saɓa, akwai magana.

Na uku, rahotannin NSIB su fito a kan lokaci, su kuma isa ga jama'a cikin harsunan da suke ji. Ƙa'idar ICAO ta tanadi rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in da hali, kuma manufarsa hana maimaituwa ce, ba neman mai laifi ba. Shawarwarin da ke ƙarshen kowane rahoto su ne amfaninsa. Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta riƙa tambaya, shekara-shekara, nawa aka aiwatar.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan masu jiragen da masu hayarsu. Yayin da ake tunkarar zaɓen 2027, buƙatar ƙananan jirage za ta ƙaru, za a riƙa taɓa jihohi uku ko huɗu a yini guda, a sauka a filayen da ba a saba da su ba, a taso da magariba. Duk wanda zai hau jirgin haya yana da haƙƙin ya nemi ganin lasisin kamfanin da takardar inshora kafin ya biya. Duk mai jirgi kuma ya kamata ya gaya wa matuƙinsa, da bakinsa, tun kafin ranar ta zo, cewa idan ya fasa sauka, ko ya ƙi tashi, ko ya rubuta lahani ya kwantar da jirgin, ba zai ji komai daga gare shi ba sai godiya. Sauri kan haifi nawa, kuma zagaye ɗaya a sama bai wuce minti goma ba.

Mutum takwas sun fito da ƙafafunsu daga jirgin da ya durƙusa a Kano. Wannan dama ce aka samu ta koyon darasi ba tare da an yi zaman makoki ba, kuma irin wannan dama ba kullum ake samunta ba.